Amsoshin Wasiƙunku: Yaron Da Sanƙarau Ya Kama Har Sau Biyu

  

A wannan mako mun ware wasiƙu uku daga cikin tulin da ke gabanmu, domin duk ukun magana ɗaya suke yi, kuma duk daga kudancin jihar Sakkwato suka fito, watau ƙasar Tambuwal da ta Kebbe. Tambayarsu ita ce, me ke sa sanƙarau ya kama yaro, a yi magani ya warke, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma ya sake dawo masa, alhali ga sauran yaran gidan suna ta wasansu lafiya lau? Kamar yadda muka saba, ba mu ambaton sunan mai wasiƙa idan magana ta shafi rashin lafiyar iyali. Mun kai tambayoyin wurin likitocin yara, abin da za ku ji bayaninsu ne muka mayar da shi Hausar da kowa zai gane.

WASIƘA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wata baiwar Allah a garin Kuchi, cikin ƙaramar hukumar Kebbe. Ga abin da take cewa:

"Malam, ɗana shekararsa 4. Sanƙarau ya kama shi yana da wata 10, ya kuma sake kama shi bara. Tsakanin nan kunnensa bai daina zubar da mugunya ba, kuma sau uku ana kwantar da mu saboda ciwon haƙarƙari. Yayyensa mata biyu ba abin da ke damunsu. Uwar mijina ta ce iska ce, wasu kuma sun ce nonona ne ba shi da kyau. Ni kuwa ina ta tuna ƙannena maza biyu da suka rasu suna ƙanana da irin wannan laulayi. Don Allah ku ba ni shawara."

To Malama, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma jiƙan ƙannenki. Wasiƙarki ta ƙunshi abubuwan da likita ke nema ya ji, don haka ki saurara da kyau.

Bari mu fara da shi kansa ciwon. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakar da ke cikin ƙashin bayansa akwai wani tantani da ya lulluɓe su, da wani ruwa garai-garai da ke kewaya su. Idan ƙwayoyin cuta suka samu shiga wannan ruwa, tantanin ya kumbura, shi ne sanƙarau. Alamominsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, da taune-taune ko ficewa daga hayyaci. Jariri kuwa ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Shi sai a ga ya ƙi nono, yana kuka mai tsini, jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta kumbura. Ciwo ne da kan kashe mutum cikin kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da irin sanƙarau na bakteriya ya kama, kimanin ɗaya kan rasu, kuma cikin 5 ɗaya kan tashi da wata naƙasa, kamar kurumta.

Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa tsaro iri biyu, kamar dai gidan sarki. Akwai katanga, watau ƙoƙon kai da tantanin nan. Akwai kuma dogarai, watau garkuwar jiki da ke cikin jini. Saboda wannan tsaro ne ya sa ba kasafai sanƙarau ke kama mutum sau biyu ba. Idan kuwa ya yi, to likitoci kan ce a tsaya a bincika, ko dai katangar ce ta tsage, ko kuwa dogaran ne suka yi ƙaranci. Labarin ɗanki, Malama, ya fi kama da na biyun.

Daga cikin dogaran nan akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira antibodi. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ke fitowa daga ɓargo suke yin su. Aikinsu shi ne su manne wa ƙwayar cuta, su yi mata shaida, domin sauran dogaran su gane ta su cinye ta. Ƙwayoyin da suka fi kawo sanƙarau iri uku ne, da meningokokas wadda ke kawo annoba lokacin zafi, da nimokokas, da kuma Hib. Duk ukun suna da wata riga mai santsi da ke sa su zille wa dogarai idan babu antibodi. Ita nimokokas kuma tana cikin waɗanda ke yawan kawo ciwon kunne da ciwon haƙarƙari. Kin ga ke nan dalilin da ya sa yaron da ba ya yin isasshen antibodi yakan yi ta fama da waɗannan ciwuka guda uku, wannan na sakinsa wannan na kama shi.

Kin ce ciwon ya fara yana da wata 10. Wannan ma abin lura ne. Jariri yakan zo duniya da guzurin antibodi da ya samu daga uwarsa ta hanyar mabiyiya tun yana ciki. Guzurin nan yakan kai shi kimanin wata 6, sa'an nan ya ƙare, jikinsa ya ci gaba da yin nasa. Yaron da jikinsa ba ya iya yi, sai ya yi watanninsa na farko ɓul-ɓul gwanin sha'awa, daga nan laulayi ya sa kai. A daidai wannan lokaci ne mutanenmu kan ce baki ne ya kama shi, ko nono ne ya ɓaci. Malama, nononki ba shi da laifi. Hasali ma nonon uwa, musamman dakashi, yana daga cikin abin da ke taimaka wa irin wannan yaro.

Maganar ƙannenki kuma kada ki kuskura ki bar ta a gida idan za ki asibiti. Akwai wani nau'in ƙarancin antibodi da ake gado, wanda ke bi ta wajen uwa amma maza yake kamawa. Wani likitan soja a Amurka mai suna Ogden Bruton ne ya fara bayyana shi a shekarar 1952, bayan ya duba wani yaro ɗan shekara 8 da cuta ta shiga jininsa har sau 19. Da ya auna jinin sai ya tarar babu antibodi. Ya riƙa yi masa allurar antibodin da aka tace daga jinin wasu mutane wata-wata, yaron ya samu sauƙi. A shekarar 1993 masu bincike suka gano ainihin ƙwayar halittar da ke jawo haka. Uwar da ke ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta mata ma haka, amma kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gada, yana kuma iya kuɓuta, rabi da rabi ne. Shi ya sa likita zai tambaye ki labarin kawunnan yaro. Akwai kuma wasu nau'o'in da ke kama mace da namiji, waɗanda sai uwa da uba duk suna ɗauke da su, kuma an fi ganinsu inda ake yawan auren zumunci.

Ina roƙon maigidanki da surukarki su ji wannan da kunnen basira. Gadon jini halittar Allah ce, ba wanda ya zaɓar wa kansa, kuma ba dalilin gori ko saki ba ne. Sa'an nan ba a ce lalle abin da ke damun yaron ke nan ba. Awon jini kaɗai ke tabbatarwa. Irin na gado ba shi da yawa. A ƙasarmu abubuwan da suka fi raunana garkuwar yaro su ne tamowa, da ƙyanda wadda kan bar yaro ba kariya wata da watanni, da cutar ƙanjamau, da ciwon ƙoda mai sa kumburi wanda antibodi ke zurarewa ta fitsari, da kuma sikila. Ita sikila tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, saifa kuwa ita ce matatar da ke kame ƙwayoyin nan masu riga. Akwai kuma yaran da antibodinsu ya cika, amma suka rasa wasu sinadaran jini da ke taya shi fasa ƙwayar meningokokas, su ma sanƙarau kan maimaita musu.

Ga alamomin da likitocin suka ce idan an ga biyu ko fiye a yaro ɗaya, a nemi a auna garkuwarsa:

1. Ciwon kunne sau 4 ko fiye cikin shekara ɗaya.
2. Ciwon haƙarƙari sau 2 ko fiye cikin shekara ɗaya.
3. Mummunan ciwo irin sanƙarau ko shigar cuta cikin jini sau 2 ko fiye.
4. Maruru masu zurfi da ke ta dawowa.
5. Yaro ya ƙi girma, ko gudawar da ta ƙi tsayawa.
6. Ciwon da ba ya jin maganin sha, kullum sai an kwanta an yi allura ta jijiya.
7. Rasuwar yara ƙanana a dangi da irin wannan laulayi.

Shawararmu gare ki ita ce, kada ki jira sai ya sake kwantawa. Yanzu da yake kan ƙafarsa ne lokacin bincike. Ki tattara katinsa na rigakafi da duk takardun sallamar asibiti, ki sa a rubuta miki watan da shekarar kowane ciwo a takarda ɗaya. Ku je babban asibiti mafi kusa, ki buɗe baki ki ce, "Likita, wannan yaron sanƙarau ya kama shi sau biyu, ina so a binciko dalili." Ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Za a ƙirga ƙwayoyin jininsa, a yi gwajin sikila da na ƙanjamau, a duba kunnen, sa'an nan a auna yawan antibodin.

Idan an tabbatar da ƙarancin, akwai magani. Ana ƙara wa yaro antibodi ta jijiya duk mako 3 ko 4, sunan maganin imunogulobulin. Ba za mu ɓoye miki ba, yana da tsada ƙwarai, kuma irin na gado har tsawon rai ake yi. Amma ko kafin a kai ga wannan, sanin ciwon kansa yana ceton rai. Likita na iya ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kariya, kamar yadda ake ba yara masu sikila fenisilin kullum. Duk ran da ya yi zazzaɓi kuma, a ranar za a kai shi asibiti, ba sai an gwada maganin kemis kwana uku ba. Idan kuma Allah ya sake ba ki ɗa namiji, an san abin da za a duba tun da wuri.

WASIƘA TA BIYU

Wannan kuma daga wani bawan Allah ne, manomi a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal. Yana cewa:

"Ɗana ɗan shekara 11 an yi masa allurar rigakafin sanƙarau, amma cikin shekara biyun nan sau biyu ciwon yana kama shi. Da can ba mai laulayi ba ne. Abin da na sani kawai, tun da ya faɗo daga kan kabu-kabu ya bugu a goshi yake fama da wata mura ta hanci ɗaya da ba ta warkewa. Shin allurar ce ba ta da amfani?"

Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma za mu raba ta gida biyu.

Na farko, maganar murar nan. Ka lura da ita yau ɗin nan. Idan ruwa ne tsararo kamar hawaye, ba majina mai kauri ba, yana fita ta ƙofar hanci ɗaya, yana ƙaruwa idan yaron ya sunkuya kamar zai yi sujada, yana kuma jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, to mai yiwuwa ba mura ba ce. Yana iya zama ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa ne ke yoyo. Ƙashin da ya raba hanci da ƙwaƙwalwa siriri ne ƙwarai, buguwa kan tsaga shi. Ƙofar da ruwa ya samu ya fito kuwa, ta nan ƙwayar cuta za ta bi ta shiga, ko da bayan shekaru. Wannan ita ce tsagewar katangar da muka ambata ɗazu. Da likitoci suka tattara rahotannin masu sanƙarau mai maimaituwa daga ƙasashe daban-daban, sun tarar fiye da rabinsu irin wannan matsala ce ta katanga, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma raunin garkuwa. Wani ma da ita ake haifarsa, ko a can cikin kunne, ko wani ɗan rami a tsakiyar gadon baya, wani lokaci da 'yan gashi a bakinsa. Tsohon ciwon kunne mai mugunya da aka yi sakaci da shi shi ma yana iya cin ƙashi ya buɗe hanya.

Abin farin ciki, irin wannan ana gano shi da hoton kai na babbar na'urar nan da ake kira siti sikan, kuma likitocin fiɗa suna iya toshe wurin. Idan an toshe, galibi an rabu da ciwon ke nan. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Ka daure ka kai shi, ka kuma ba likita labarin faɗuwar dalla-dalla. Kafin nan kada ya riƙa fyace hanci da ƙarfi, kada kuma a ɗura masa komai a hancin.

Na biyu, maganar allura. Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace allura da irin da take karewa. Ita meningokokas kaɗai tana da nau'o'i da ake kira A, B, C, W, X da Y. Babbar annobar shekarar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, nau'in A ne. Allurar da aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a jihohin Arewa tsakanin 2011 da 2014 ta A ce kaɗai, kuma ta yi aikinta, domin A ya ja baya ƙwarai. Sai a shekarar 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a nan ƙasar Tambuwal, ya kama fiye da mutum 800 a jihar Sakkwato. Ku mutanen yankin kun fi kowa sanin wannan. A 2014 ya shiga jihar Kebbi, a 2015 ya kai har birnin Yamai, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y. Da cutar ta sake ɓarkewa a 2025 a Gwandu da Aliero da Jega ta maƙwabciyarmu jihar Kebbi, ta kuma taɓa jihar Sakkwato, da ita aka yi rigakafi.

Shi kuwa mai tsagar ƙashi, yawanci nimokokas ce ke shigar masa, kuma allurar lokacin annoba ba ta kare wannan. Masu kare yara daga nimokokas da Hib su ne waɗanda ake rubutawa PCV da Penta a katin rigakafi, ana yin su jariri yana da mako 6, da 10, da 14. Don haka Malam, allura tana da amfani. Sai dai allura ba ta ɗinke ƙashin da ya tsage.

WASIƘA TA UKU

Ta ƙarshe daga wani malamin firamare ce a Sanyinna. Ya ce akwai wata yarinya a ajinsa da ta yi sanƙarau sau biyu, yanzu iyayen yara suna cewa a cire ta kada ta shafa wa 'ya'yansu. Ya kuma ce mahaifinta ya hana a ɗebi ruwan bayanta a asibiti, wai yana gurgunta yaro.

Malam, gaisuwa ta musamman gare ka, domin aikin alli mun san daɗinsa da wuyarsa. Ka gaya wa iyayen nan raunin garkuwa ba a ɗaukarsa, haka ma tsagar ƙashi. Ita ƙwayar meningokokas ta hanyar tari da atishawa da cuɗanya take yaɗuwa, kuma kimanin mutum ɗaya cikin 10 yana ɗauke da ita a maƙogwaro bai sani ba, lafiyarsa ƙalau. Mara lafiyan da ya yi awa 24 a kan maganin da ya dace ya daina yaɗa ta. Yarinyar da ta warke ba ta da haɗari ga kowa. Ita ce ma abin a kare, domin idan garkuwarta ce ke da rauni, allurar rigakafi ba lalle ta kama jikinta sosai ba, sai ya zama rigakafin da aka yi wa 'yan ajinsu da yaran unguwa shi ne katangarta. Yaron da awo ya tabbatar yana da irin wannan rauni, likitansa ne zai tsara rigakafin da ya dace da shi da na yaran gidansu. Sauran yara kuwa kowa a kammala masa nasa.

Ka kuma lura ko tana ji sosai. Idan ka kira ta daga baya ba ta waiwayo ba, ko karatunta ya ja baya, kada ka ɗauka taurin kai ne. Ka dawo da ita layin gaba, ka kuma shawarci iyayenta a kai ta awon ji.

Maganar ɗibar ruwan baya kuwa, ka samu mahaifin cikin girmamawa ka yi masa bayani. Ana sa allurar ne can ƙasan baya, inda laka ta riga ta ƙare, kuma ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki yana mayar da shi cikin 'yan awoyi. Raunin ƙafa ko kurumtar da ake gani bayan jinya aikin ciwon ne, musamman idan an makara. Da wannan ruwa ne ake bambanta sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, domin suna kama da juna. Da shi ne kuma ake sanin sunan ƙwayar, sunan kuwa shi ke nuna wa likita inda zai duba. Idan meningokokas ce ke maimaitawa, sai ya fi zargin jini. Idan nimokokas ce, sai ya duba ƙashi da kunne da saifa da kuma antibodi. Wani lokaci kuma ba sabon kamu ba ne, tsohon ne ya taso cikin 'yan makonni saboda an gudu da yaro gida ba a ƙarasa allurai ba.

Jama'a, lokacinmu ya yi nisa. Daga watan Disamba har zuwa faɗuwar damina lokacin sanƙarau ne. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe tagogi, a nisanta yara da hayaƙin murhu da ƙura, kuma duk wanda aka ga alamun da muka lissafa a garzaya da shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Addu'a muna yi, magani ma muna nema, domin duka umarni ne. Uwar da ɗanta ya yi wannan ciwo sau biyu kuma, kada ta bar asibiti sai ta tambayi dalili, kada kuma maigida ya hana kuɗin mota.

Malama ta Kuchi, da Malam na Jabo, da Malam na Sanyinna, muna jiran ku sake rubuto mana yadda kuka yi da likita. Sauran masu wasiƙu ku yi haƙuri, muna tafe gare ku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.